Lambar da Tokuji Ya Gyara

Litinin, 11 ga Satumba

Ɗan sanda ya zo ya auna gareji, tsawo da faɗi har da ƙofa. Ya ce takardar shaidar wurin ajiye mota za ta fito ranar Alhamis, in babu ita, ba a ba mota lamba. Da ya ga abin da ke cikin garejin sai ya tuɓe hula ya tsuguna yana leƙen ƙarƙashinta. Mijina Tokuji ya riƙe shi da surutu awa guda, shayin da na haɗa masa ya huce.

Shekara uku ke nan da akwatunan nan bakwai suka iso daga Ingila ta jirgin ruwa. Ni na ɗauka da ya rufe shagon sassaƙar ƙarfensa za mu huta, ashe wani aikin ya sayo. Motar kwaikwayo ce, irin wata motar tsere da ya gani yana ɗan shekara goma sha takwas, ran da maigidansa ya kai su kallo. Turawan su aiko maka da ƙarafa da kusoshi da littafi, kai ka haɗa abinka. Launinta kore, ba rufi, kujera biyu, fitilu zuru-zuru. Kwaɗo nake ce mata, kuma ban fasa ba.

Abin da ba na faɗa wa maƙwabta: likita ya ce mantuwar nan tasa ba ta tsufa kaɗai ba ce, ciwo ne, kuma gaba zai yi ba baya ba. Lasinsa na tuƙi zai ƙare ranar 14 ga Nuwamba. Ya yi wa likita da 'yarmu Mizuho alkawarin ba zai sabunta ba, da sharaɗi ɗaya. Ya tuƙa Kwaɗo da lambarta ta halal zuwa bakin teku, sau ɗaya tak, sannan ya miƙa lasin da hannunsa.

Saura kwana sittin da huɗu. Tsoro nake ji.

Alhamis, 14 ga Satumba

Takardar gareji ta fito. Ta kwastan tana nan, ta gwajin hayaƙi tana nan, duk na zuba su a jaka ɗaya na ɓoye a ɗakina. Yau sau uku ya tambaye ni ina hatiminsa na sa hannu, yana cikin aljihunsa.

Talata, 26 ga Satumba

Wayyo ni Hatsue. Ban san ta inda zan fara ba.

Maƙwabcinmu Sasage ya ɗora Kwaɗo a bayan babbar motarsa muka kai ta ofishin gwajin motoci. Duk hanya yana tsokanar Tokuji, wai sarkin maƙera, in ta mutu a titi kada ka kira ni, tantan noman shinkafata ya fi ta gudu. Tokuji yana dariya, ya sa farar riga har da laktaye.

Birki ya wuce. Fitilu sun wuce. An auna ƙarar salansa, ita ma ta wuce. Har na fara sakin jiki. Sai jami'in, wani mai tabarau da ake ce wa Kuwabara, ya ɗauko 'yar farar takarda ya shimfiɗa a kan lambar shasi, wato ƙashin bayan motar, ya goga fensir, yadda suke yi don lambar ta fito a takarda. Ya ɗaga ya duba. Ya sake gogawa. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Baba, wa ya buga lambar nan?"

Tokuji ya gyara tsayuwa. "Ni."

Ashe da shasin ya iso, ya ga lambar da Turawa suka buga a karkace take, takwas ɗin ta kwanta, bakwai ɗin ta fi sauran zurfi. Sai ya sa injin gurza ya goge ta tas, ya ɗauko nasa ƙarafan buga lamba ya sake bugawa. Lambar ɗaya ce, bai canza ko ɗigo ba, sai dai yanzu a jere take kamar an ja da zare. Yana ba da labarin yana jira a yaba masa.

Kuwabara ya cire tabarau ya goge. Ya ce shekararsa ashirin a aikin nan bai taɓa ganin bugu mai kyau haka ba, kuma shi ne matsalar. Lambar da aka goge aka sake, a doka daidai take da ta motar sata. Ba zai iya wuce ta ba.

A hanyar dawowa ko Sasage bai tsokane shi ba. Saura kwana arba'in da tara.

Laraba, 27 ga Satumba

Na yi masa tas. Na ce garin gyaran gira ka rasa ido, wa ya aike ka? Wa zai kwanta a ƙarƙashin mota ya ga takwas ta karkace? Ya ce, "Ni na gani." Na ce shekara arba'in da tara ina fama da wannan halin naka, ko cokali na ajiye a karkace sai ka miƙe shi. Na ce abubuwan da ba zan rubuta ba.

Bai rama ba. Da can da ya rama. Ya ci shinkafarsa, ya bar kifin, ya fita gareji. Da na leƙa yana zaune kan kujerar katako, hannunsa a kan bonet.

Na yi kuka a bayan gida inda injin wanki yake ƙara.

Juma'a, 29 ga Satumba

Na koma ofishin ni kaɗai, jirgin ƙasa biyu da bas. Na jira Kuwabara har ya gama da wata motar ɗaukar kaya. Na sunkuya na ba da haƙuri, na sake sunkuyawa, har ya ce, "Mama, ɗago mana, bayanki." Na faɗa masa maganar likita da ta lasin. Shi ne baƙo na farko da ya ji ta daga bakina.

Ya ce akwai hanya ɗaya. Ofis yana iya buga wa mota sabuwar lamba tasa ta hukuma, amma sai an tabbatar shasin nan shi ne ya shigo ƙasa ta kwastan. Abu biyu: wasiƙa daga kamfanin Ingila, da wata shaida ta lambar asali kafin a goge ta, hoto ko gugar fensir. Bayan haka takardu su tafi sama su dawo, mako uku zuwa huɗu.

Na tambayi Tokuji a hankali bayan ya yi wanka. Ya dube ni kamar na zage shi. "Ni zan goge abu ban ɗauki gugarsa ba? Na ɗauka mana."

"Tana ina?"

Ya shafa aljihu, ya dubi gareji, bai tuna inda ya sa ta ba.

Lahadi, 1 ga Oktoba

Mizuho ta rubuta wa Turawan wasiƙa daga Saitama inda take zaune, ita ta iya yarensu. A waya ta ce, "Mama, ko alama ce? Mutumin da ke manta hatimi a aljihu za ki bari ya hau titi da motar da ba rufi?" Na ce ki aika wasiƙar dai.

Tana da gaskiya, shi ya sa na kashe wayar.

Alhamis, 5 ga Oktoba

Littattafan aikinsa talatin da ɗaya na buɗe shafi-shafi. Kowane noti da ya ɗaure a motar nan ya rubuta, da rana da ƙarfin ɗauri. A shafin 3 ga Yuni na shekarar farko ya rubuta: lamba a karkace, abin kunya, na ɗauki guga, na gyara. Guga kuma babu.

Rubutunsa na shekarar farko kamar na ɗab'i. Na bana layukan sun fara gangarawa ƙasa. Na rufe littafin na dafa miya.

Litinin, 9 ga Oktoba

Akwatunan kayan aiki, aljihun tsofaffin riguna, ƙarƙashin tabarmi, gwangwanin shayi. Har akwatunan katakon da motar ta zo a ciki na sa Sasage ya sauko da su daga rumfa. Ba komai sai gizo-gizo. Sasage ya ce, "Matar sarkin maƙera, ki bari in goga fensir a kan tantan shinkafata ki kai musu." Ban yi dariya ba, shi ma ya ga ba lokacinta ba ne.

Asabar, 14 ga Oktoba

Tokuji ya cika saba'in da biyar. Mizuho ta zo da kek. Ta ce akwai wani mutum a Nagano da ke tara irin motocin nan, zai saya ko ba lamba, ya ajiye a ɗaki yana kallo. Ta faɗa a kicin da ƙaramar murya, amma gidanmu bango takarda ne.

Da muka dawo tebur sai ya ce, "Ba na ƙera abin ajiya. Mota ta yi tafiya."

Daga baya ya tambaye ta yaya makaranta. Shekara ashirin da gama makarantarta. Ta ce lafiya lau, Baba, ta tashi ta shiga banɗaki ta daɗe.

Saura wata ɗaya cif.

Juma'a, 20 ga Oktoba

Wasiƙar Ingila ta iso, da sa hannu da komai. Sun tabbatar su suka sayar masa da shasi mai wannan lamba. Har sun ba da haƙuri wai mai buga musu lamba a lokacin sabo ne. Na karanta wa Tokuji fassarar Mizuho, ya ce, "To, sun sani ke nan." Ya yini cikin fara'a.

Kuwabara ya ce wasiƙar ta yi, amma rabi ce. Tana nuna an sayar da shasi, ba ta nuna wannan ne ba.

Talata, 24 ga Oktoba

Na zauna da farar takarda da fensir a hannuna. Na san siffar lambar daga bakinsa, takwas a kwance, bakwai mai zurfi. In ya buga min ita a karkace a wani guntun ƙarfe, in goga, in shanya takardar a rana ta ɗan tsufa, wa zai sani?

Na faɗa masa. Ya dube ni ya ce, "Ke Hatsue, so kike in yi aiki a karkace da gangan, kuma in yi ƙarya da shi?" Ya karɓe fensirin ya fere shi ya mayar gwangwani.

Kunya ta kama ni. Haushi kuma ya fi kunyar yawa.

Asabar, 28 ga Oktoba

Bari in rubuta a hankali.

Yau ranar tunawa da rasuwar surukina ce, mahaifin Tokuji, shi ma maƙeri. Na buɗe kabad ɗin magabata don in share kafin a kunna turare, na sauko da hoton tsohon in goge gilashin. Sai wata takarda ta zamo daga bayan hoton.

Ita ce. Takwas a kwance, bakwai mai zurfi, kwanan wata a gefe, da hatiminsa. A ƙasa ya rubuta: Baba, dubi aikin da ake sayarwa yanzu.

Na manta shaf. Tun tsohon yana da rai haka suke yi, duk aikin banza da ya shigo shago sai Tokuji ya kai masa ya gani su yi tsaki tare. Da ya rasu bai daina ba. Wata guda ina tone gida, ashe ƙarar Turawa ya kai wa ubansa.

Na zauna a ƙasa ina dariya ina kuka. Na kai masa gareji. Ya riƙe ta nesa da ido ya ce, "Kai, wannan bugu ya yi muni. Na wa ne?"

Litinin, 30 ga Oktoba

Kuwabara ya zo da kansa bayan an tashi aiki, ya kwanta a ƙarƙashin Kwaɗo da rigarsa mai tsabta. A gefen gugar akwai wani tabon walda mai siffar wake da fensir ya kama, kuma tabon yana nan a jikin shasin, Tokuji bai goge shi ba. Ya ɗora takardar a kai, suka yi daidai. Ya fito yana kakkaɓe baya ya ce zai aika gobe da safe.

Mako uku zuwa huɗu. Kwana goma sha biyar gare ni. Na ce masa ka taimaka, ɗana. Ya ce, "Mama, abin da ke hannuna zan yi. Abin da ke sama ba nawa ba ne."

Laraba, 8 ga Nuwamba

Shiru daga ofis.

Tokuji ya tafi aski da ƙafa, gidan wanzamin da yake zuwa shekara talatin. Sasage ya tsince shi a bakin gada yana tsaye, ya dawo da shi a mota wai shi ma hanyarsa ce. Ban faɗa wa Mizuho ba.

Juma'a, 10 ga Nuwamba

Kuwabara ya bugo. Izini ya sauko. Farantin lamba ba zai fito ba sai bayan mako guda, amma ranar buga sabuwar lambar shasi shi ke zaɓa, ya zaɓi Talata, 14. Ya ce in je ofishin gari in karɓo lambar aro mai jan layi, wadda ake ba mota don ta kai kanta wurin gwaji. "Hanyar da ta bi ta bakin ruwa ma hanya ce, Mama. Ban dai ce komai ba."

Na ɗauka Tokuji zai ƙi, wai lambar aro ba ta halal ba ce. Sai kawai ya ce a goge masa takalmi.

Talata, 14 ga Nuwamba

Gari ya waye garau, sanyi amma ba ruwa. Ya ɗaura lambar aron da hannunsa, ya sa ma'auni ya tabbatar ba ta karkace ba. Na sa rigar sanyi biyu na shiga kujerar gefe, kamar zama a cikin bahon wanki. Sasage ya fito da babbar motarsa zai bi mu a baya.

Bugu ɗaya ta tashi. Ya fito da ita daga gareji a hankali, lafiya lau, har bakin ƙofar gida. Nan ya tsaya.

Titi ba kowa. Na ce hagu, Maigida. Bai motsa ba. Yana kallon ƙafafunsa. Ya ɗaga ta dama ya mayar, ya ɗaga ta hagu ya mayar. Na ga zufa a wuyansa cikin wannan sanyi. 'Yan makaranta uku suka zo wucewa ta gabanmu da jakunkunansu, ya bi su da ido har suka sha kwana.

Sai ya kashe inji. Ya zare makulli ya ɗora min a cinya. "Ce wa Sasage ya sauke katakon hawa."

Na ce mu sake gwadawa, ko zuwa gada ne. Na roƙe shi. Ni da nake zagin motar nan shekara uku, ni ce nake roƙo. Ya ce, "Hatsue, akwai yara a titin nan."

A bayan motar Sasage ta je. An buga mata lambar hukuma, Tokuji ya tsaya a kan mai bugun har mutumin ya rikice. Da la'asar muka je ofishin 'yan sanda ya miƙa lasinsa da hannu biyu ya sunkuya. Shekara hamsin da bakwai bai taɓa goge fentin kowa ba.

Ba zan iya rubuta sauran ba.

Alhamis, 16 ga Nuwamba

Lasina na motar da ke canza giya da kanta ne kawai, ban taɓa taka kuloci ba. Na je makarantar tuƙi na yi rajistar darasi huɗu da jarrabawa. Malamar ta dubi shekaruna a takarda ta sake dubana. Na ce an ce gemu ba ya hana ilmi, ni ko gemun ma ba ni da shi.

Don in riƙa fito da Kwaɗo ne in mai saye ya zo. Shi ke nan dalili.

Laraba, 22 ga Nuwamba

Lamba ta fito, an ɗaura, an sa hatimin ƙarfe. Kwana takwas. Kwana takwas kacal muka makara. Bai fito gareji ya gani ba, tun ranar bai shiga ba. Yini yake gaban talabijin.

Litinin, 27 ga Nuwamba

Na faɗi jarrabawar. Mota ta mutu min sau uku a kan tudu, gwiwata ta hagu kamar ba tawa ba. Dutsen gabas ya yi fari, an ce dusar ƙanƙara za ta sauko gari mako mai zuwa.

Juma'a, 1 ga Disamba

Na ci jarrabawar. Malamar ta rungume ni, abin da ba a yi.

Lahadi, 3 ga Disamba

Jiya na ɗaure masa mayafi a wuya na ce tashi ka raka ni unguwa. Ya shiga kujerar gefe ba gardama. Kwaɗo ta mutu min sau biyu kafin ƙofa, Sasage yana tsaye a gonarsa ya juya baya don kada in ga yana dariya.

Bayan gada ta saki jiki. Iska ta cika min ido da hawaye, kunnuwana suka mutu. Shi kuwa ya karkata kai yana sauraron inji. Can sai na ji ya ce, "Canza." Na canza. "Kin makara. Ji muryarta, ita za ta faɗa miki." Daga nan har bakin teku bai yi kuskure ko ɗaya ba, duk inda ya ce canza, nan ne.

Na tsaya a wurin masu kamun kifi. Teku ruwan toka, ba abin kallo. Ya fito ya zagaye motar, ya tsuguna ya shafa walda da yatsa, ya buɗe bonet ya daɗe. Sannan ya dube ni ya ce, "Wanda ya haɗa motar nan ya iya aiki. Kin san shi?"

Na ce na san shi. Taurin kai gare shi.

Ya ce, "Dama haka suke. Ki gaishe shi."

Na ce zai ji.

Mutumin Nagano ya bugo yau da safe. Na ce masa lokacin ƙanƙara ba a ciniki, ya sake nema in bazara ta yi, ban kuma rubuta lambarsa ba. Na duba mai, na goge mata gishirin teku, na lulluɓe ta da tsohon bargonmu. Ba don komai ba, tsatsa ce ba na so.

A littafinsa na talatin da ɗaya akwai shafuka fari a ƙarshe. Na rubuta kwanan wata da kilomita arba'in da shida. Layin ya ɗan karkace, sai na goge na sake.